Sola a Samaru: a shekara nawa kuɗin ke dawowa?

Abu_Hanwa:
Assalamu alaikum. Gida ne mai ɗaki uku a Samaru, da mita ta kati. Akwai firij ɗaya, fanka huɗu, talabijin, ƙwan lantarki goma da injin jan ruwa mai doki ɗaya. Idan aka ɗauke wuta da dare janareto ake tayarwa kamar awa huɗu. Sola mai girman yaya za ta ɗauki wannan kaya, kuma a shekara nawa za ta mayar da kuɗinta? Sannan ko gwamnati na da wani rangwame ga mai sakawa?

Injiniya_Kongo:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara da yawan wutar da gidan ke sha a rana, kafin a yi maganar farashi. Fanka huɗu masu wat 70, awa goma, yunit 2.8 ke nan. Firij kamar 1.2. Talabijin 0.5, ƙwai goma masu wat 10 na awa shida 0.6, injin ruwa na awa ɗaya 0.75. Jimla wajen yunit 6 a rana.

Zariya na samun kimanin awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi, amma kar ka yi lissafi da shida. Zafi, ƙura, waya da inbata (na'urar da ke juya wutar sola da batir zuwa irin ta gida) suna cinye kusan rubu'in abin da farantin sola ya kawo. Ka raba 6 da 5, ka sake rabawa da 0.75, zai ba ka kilowat 1.6. Faranti uku masu wat 550 sun kai a takarda. Ni dai huɗu nake ba da shawara, saboda hadarin watan Agusta da hazon hunturu, kuma da yawa daga cikin inbatocin da ke haɗa sola da wutar NEPA ba sa fara caji sai wutar faranti ta wuce bolt 120. Huɗu a jere suna ba da kamar 165, uku kuwa da tsakar ranar Afrilu suna iya faɗowa bakin iyaka, tunda faranti yana rage ƙarfi idan ya yi zafi.

Inbata: 5kVA mai bolt 48. Ba don kayanka sun kai haka ba, don injin ruwan ne, wanda yakan ja ninki uku zuwa biyar na ƙarfinsa a lokacin tashi. Ka riƙa kunna shi da hantsi, rana ta ɗauke shi kai tsaye, kada ya taɓa batir.

Batir shi ne inda kuɗin suke, shi ne kuma inda ake asara. Abin da za ka sha da dare wajen yunit 3.5 ne. Batirin litiyom ɗaya mai yunit 5.12 ya isa, domin ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa. Batir na ruwa mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe yunit 2.4, amma rabi kaɗai ya kamata a sha, don haka sai huɗu, waɗanda a jere suke ba da bolt 48 ɗin inbatar. Ya fi araha ranar saye, sai dai yana son a ƙara masa tataccen ruwa, ba ya son ɗaki mai zafi, kuma idan ana zuƙe shi kowane dare da wuya ya wuce shekara biyu zuwa uku. Litiyom mai kyau yana yin caji dubu uku ko fiye.

Hajiya_Lissafi:
Injiniya ya gama da kaya, bari in taɓa kuɗin. Malam, ka duba wane rukuni layinku yake a wajen Kaduna Electric, don amsar ta rataya a kan haka. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin yunit na Band A, masu alƙawarin wuta ta awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya ya koma 209.5. A lokacin, sauran rukunan suna biyan kusan sulusin wannan.

Yunit 6 a rana, 180 ke nan a wata. A Band A, a kan wancan farashi na 209.5, kamar naira 37,700, da harajin VAT na kashi 7.5 ya haura 40,000 kaɗan. A ce duka aikin ya ci maka miliyan 4, misali kawai na bayar, don farashi yana bin dala. Idan kuɗin mita kaɗai sola ta rage maka, sai ka yi shekara takwas. A Band C kuwa batir zai mutu kafin a je ko'ina.

Janareto ne ke sauya lissafin. Ƙarami mai 2.5kVA yana shan kusan lita ɗaya a awa. Awa huɗu, lita huɗu. A ce lita naira 900: 3,600 a rana, 108,000 a wata, kusan miliyan 1.3 a shekara, ban da baƙin mai da kuɗin bakanike. Da wannan, shekara uku da kamar wata ɗaya kuɗinka sun dawo. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mai janareto shi ne ya fi kowa cin ribar sola. Wanda layinsa ke samun wuta sosai kuma ba ya sayen mai, inbata da batir kawai sun ishe shi, faranti ya biyo baya.

Abu_Hanwa:
Na gode, Hajiya. To rarar wutar rana fa, ba a sayar wa kamfani? Na ji ana yi a Turai.

Injiniya_Kongo:
A can mita ce mai ƙirga shiga da fita. Mitar katin da ke gidajenmu ba a yi ta don haka ba, wasu ma idan wuta ta koma baya sai su ƙirga ta kamar ka sha, su zare maka yunit. Ka ce wa mai haɗawa ya kashe tura wuta zuwa layi a cikin saitin inbata. Rarar ka yi guga da ita, ko ka cika tanki.

Rangwame kuwa, kar ka sa shi a lissafi. Shirin samar da sola na DARES na hukumar REA mai kai wuta karkara, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 750 a ƙarshen 2023, ta hannun kamfanoni yake bi, kuma ya fi karkata ga inda wuta ba ta kai ba ko ba ta wadata ba. CREDICORP, hukumar gwamnatin tarayya mai sauƙaƙa bashin sayen kaya, ta fito da bashin sayen sola, amma bashi ne, ka karanta sharuɗɗansa da abin da za a ɗora a kai kafin ka sa hannu.

MaiWaya_PZ:
Abin da ake tsukewa a kai don a rage kuɗi shi ke ƙona inbata. Wayar faranti ta zama ta tagulla zalla mai 6mm², ba gorar ruwa (alminiyum) da aka shafa wa jan launi ba. A sa bireka ta DC (irin wutar da faranti ke bayarwa) tsakanin faranti da inbata, fis a kan batir, da na'urar kare tsawa a ɓangarorin biyu, a kuma binne sandar tagulla a ƙasa mai laima. Farkon damina a nan ba a wasa da tsawa. Faranti ya fuskanci kudu da karkata digiri 10 zuwa 15, a bar tazara tsakaninsa da kwano don iska, kuma inuwar tankin ruwa a kan guda ɗaya tana rage ƙarfin layin gaba ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a wanke shi duk mako da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Dutsen guga da hita a raba musu layi daban idan dare ya yi. Kafin ka biya, ka sa a rubuta maka garantin batir da lambarsa a kan rasit.