Hajiya na shan warfarin, yanzu an ɗora ta kan maganin daji

Maman Khalil, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani su taimaka min. Hajiyarmu shekara biyu ke nan tana shan warfarin, maganin tsinka jini, tun da jini ya daskare mata a ƙafar hagu. Watan jiya aka gano ciwon daji a hanjinta a asibitin Shika, aka ɗora ta kan capecitabine, sati biyu tana sha, sati ɗaya hutu. Ni kuma laifina ne, ban tuna na gaya wa likitan dajin zancen warfarin ba, tunda kowanne da katinsa. Yau da asuba tana asuwaki na ga abin da ta tofar ja, ga wani tabo baƙi-baƙi a damtsenta, kuma ba ta bugu ba. Ita cewa take asuwakin ne ya yi tauri. In dakatar da warfarin ɗin ne ko yaya?

Malamin magani, Samaru:
Wa alaikumus salam. Maman Khalil, kada ki jira ranar ganin likita, ki kai ta yau, kafin lokacin shan na gaba. Hanta ce ke narkar da warfarin, capecitabine kuma yana rage mata saurin wannan aikin, sai maganin ya taru, jini ya tsinke fiye da ƙima. Ki ce a yi mata gwajin INR, wanda ke nuna yadda jini ya tsinke. Galibi tsakanin 2 da 3 ake so. A duba ƙwayoyin cikin jini da ke sa zubar jini ta tsaya su ma, don maganin daji na rage su. Tsayarwa ko ragewa, likita ne zai yanke. Ki zuba kwalayen duka a leda ki tafi da su. Masu shan tamoxifen, maganin dajin mama, tare da warfarin ma haka abin yake.

Ɗan Kwarbai:
Mu babanmu daga warfarin, allurar tsinka jini ta Clexane aka mayar da shi, a fatar ciki, ƙanwata ce ke yi masa kullum. Akwai tsada, ba na ɓoye miki. Kuma ki hana yara sayo mata diclofenac ko ibuprofen a kemis idan ta ce jikinta na ciwo. Mu haɓo ne ya koya mana wannan.

Maman Khalil, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka. Yaya ya tafi nemo Keke Napep. Ita kuwa har yanzu tana nan tana mita, wai mun tayar da hankali a kan asuwaki.