Tari ɗaya, cuta uku: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne a kwance. Shekara huɗu yana shan maganin ƙanjamau, watan jiya aka ce tarin fuka ya kama shi, yanzu kuma gwaji ya nuna korona ta hau kai. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin haka ya faɗa mana yadda aka kaya. Inna ko abinci ta kasa ci.

Tela: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni na shiga, a 2020, lokacin da aka kulle Kano cikin watan Afrilu. Tari ya kama ni na ƙi zuwa asibiti, don tsoron a killace ni unguwa ta ɗauka. Mai ɓoye ƙanjamau irina ba ya son a zo ana tone-tone. Citta, kanumfari, lemun tsami, babu wanda ban sha ba, har wata biyu. Kullum da asuba matashin kaina sharkaf da gumi, kuma sau biyu ina hawa keke ina rage ƙugun wandona. Ranar da maiɗakina ta ga jini a kakina ta ce ko in tashi mu tafi ko ta kira yayana. Aka sa kakin a na'urar gwaji ta GeneXpert, sai ga tarin fuka. Korona ma tana nan. Ita mako biyu ta yi ta wuce. Wanda na raina shi ne ya ci wata shida.

Anti Nas: 'Yar uwa, buɗe ledar magungunansa ki duba. Idan maganin ƙanjamau na TLD yake sha, sinadarin rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka yana sa hanta ta cinye sinadarin dolutegravir da ke cikin TLD ɗin da sauri, shi ya sa ake ƙara ƙwayar dolutegravir ɗaya mai miligiram 50, awa 12 bayan ta farko. Idan babu ita, ku koma ku tambaya, kada ku saya da kanku. Maganin tarin zai sa fitsari ya yi ja, wannan ba komai. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko tsakar dare ne ku kai shi. Kuma kada wani ya karɓi kuɗinku, maganin kyauta ne.

Direban Tirela: Ni nawa laifin na kaina ne. Wata uku da fara magani na ji garau, na ɗauki lodi zuwa Legas na bar katina a gida. Tarin ya dawo da ƙarfinsa, aka sake lissafi daga farko. Korona kam ban ma san na yi ta ba sai da na daina jin warin gas.

Baiwar Allah: Maigidana bai tashi ba. Ya ajiye maganinsa na ƙanjamau tun kafin kulle, wai ya gaji da layi. Da aka auna CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, bai kai 200 ba. Kwana tara ya yi da robar iska a hanci. Ki tsaya a kansa ki ga ya haɗiye, kada ki yarda da "na sha".

Uwar Biyu: Allah ya jiƙansa, Yaya, ya raya abin da ya bari. Anti, na duba, ƙaramar ƙwayar tana nan, ashe shi ne yake tsallake ta yana cewa sun yi masa yawa. Sai maganar yara: kafin mu sani ɗaki ɗaya suke kwana da shi, ƙaramar shekararta uku.

Anti Nas: Ku kai su duka a duba, ko ba sa tari. Idan ƙaramar ba ta kamu ba, za a ba ta maganin kariya. Tagogin ɗakin kuma a bar su a buɗe, ko da Inna za ta yi faɗan sanyi.