Wai me ke sa labari ya yi daɗi ne har mutum ya kasa ajiyewa?

'Yar Auta:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni, masu karatu da masu rubutu duka ina so in ji ta bakinku. Akwai littafin da za ka ga Hausarsa tsaf, ba kuskuren rubutu, marubucin ya san kalmomi, amma kafin ka kai babi na uku ka fara hamma, ka ajiye ka ce sai gobe, goben nan kuwa har yau ba ta zo ba. Wani kuma rubutun ma sai a hankali, ba aya ba waƙafi, amma wallahi sai ka raba dare ido biyu kana cewa bari in ƙara feji ɗaya. To ni abin ya ɗaure min kai, kuma na fara ɗan taɓa rubutu ba na so nawa ya zama irin na farkon. Wata ta ce min sirrin kawai a zuba soyayya da kishi da kuɗi, wani ya ce a'a darasi ne, in babu darasi ɓata lokaci ne. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba.

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Wadda ta ce miki soyayya da kishi da kuɗi kayan aiki ta lissafa miki, ba ta gaya miki aikin ba. Littafi nawa ne ke ɗauke da ukun nan duka kuma ba ya karantuwa?

A nawa ganin abin da ke riƙe mai karatu kafin komai shi ne a samu wani mutum a cikin labarin da yake son wani abu, so na gaske, kuma akwai abin da ya tare masa hanya. Koma ki duba waɗanda kika ajiye ɗin nan, yawancinsu za ki tarar an kwashe babi biyu ana ba ki asalin jaruma, kakanta wane, gidansu hawa nawa, tsawon gashinta, irin motar da ake kai ta makaranta, amma har aka gama ba a gaya miki me take nema a duniya ba. To ke me za ki zauna jira? Ba abin da kike tsoron ya same ta, ba abin da kike fatan ta samu.

Kuma abin da take so ɗin ba sai ya zama babba ba. A ce yarinya ta faɗi jarrabawar ƙarshe, babanta yana kwance a asibiti likita ya ce kada a tayar masa da hankali, sai ta ce masa ta ci. Shi kuma don murna ya ɗauki waya ya shiga sanar da 'yan uwa. Kin ga ba attajiri ba aljani, amma yanzu dole ta sake wata ƙaryar don ta rufe ta farko, ga ƙaninta ya ga takardar sakamakon, ga baban yana samun sauƙi ranar sallama na matsowa. Ke da kanki za ki so ki san yadda za ta ƙare.

Abu na biyu, kuma a nan da yawa ke zamewa, abin da zai faru a babi na biyar ya zama abin da ta aikata a babi na huɗu ne ya haife shi. Ba wai marubuci ya ƙulla ya ƙulla ya rasa yadda zai kwance ba, sai kawai hatsarin mota ya ɗauke mugun, ko wani kawu da ba a taɓa ambatarsa ba ya mutu ya bar mata dukiya, ko jarumi ya bugu a ka ya manta komai. Wannan ƙorafin ba yau aka fara shi ba. Aristotul na ƙasar Girka, tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa warwarar labari daga cikin labarin ya kamata ta fito. A dandamalinsu na wasan kwaikwayo akwai wata ƙugiya da ake zuro ɗan wasa da ita daga sama a matsayin ɗaya daga abubuwan bautarsu, ya zo ya raba gardama a tashi, shi kuma bai yarda a riƙa kwance ƙulli da ita ba. Ya kuma ce gara abin da ba zai yiwu ba amma ya shiga hankali, da abin da zai yiwu amma bai shiga ba. Gaskiya ne kuwa, mai karatu zai yarda da tsuntsu mai magana in tun farko aka nuna masa haka duniyar labarin take, amma ba zai yarda yarinyar da aka ce ko ido ba ta iya haɗawa da mutane ta tashi rana tsaka ta wanke shugabanta da mari a ofis ba tare da an nuna abin da ya kai ta bango ba.

Maman Iman:
Malam duk na yarda, amma ba ka taɓo darasi ba ko kaɗan, kuma ni a wurina shi ne kan gaba. Littattafan da suka zauna min a rai duk sai da suka canja min wani tunani. Wanda zan karanta in yi dariya in rufe, bayan sati ko sunan jarumar ba na tunawa, me ya ƙare ni da shi?

Mai Jan Biro:
Maman Iman ai ba wanda ya ƙi darasi, yadda ake bayar da shi ne matsalar. Abin da ke kashe min jiki shi ne ana tsaka da labari, uwa ta kama 'yarta da laifi zuciyata na dukan uku-uku, sai marubuciya ta tsayar da komai ta juyo gare ni, "ina kira ga iyaye mata da su ji tsoron Allah su sa ido a kan 'ya'yansu", feji biyu cur. Tsallakewa nake yi, kuma na san ba ni kaɗai ba. Da ta bari na ga abin da sakacin ya jawo da idona ai da ni zan yi wa kaina wa'azin, kuma shi ne wanda zai zauna. Tunanin da kika ce an canja miki ɗin nan, ki tuna da kyau, jawabin marubuci ne ya canja shi ko halin da kika ga wata ta shiga?

Gani ya kori ji, har a rubutu. Auta bari in ba ki misali. Za ki iya rubuta "Alhaji ya shiga matsanancin baƙin ciki mara misaltuwa bayan rasuwar ɗansa, hawaye suka zame masa abokan hira." Ba laifi, amma mun karanta irinsa sau ba adadi, ido ne kawai zai bi ta kai ya wuce. Yanzu gwada wannan. Kullum in dare ya yi kowa ya kwanta, sai ya shiga ɗakin yaron ya jona wayarsa a caji, da asuba ya je ya cire. Matarsa ta sani, ba ta taɓa ce masa komai ba, ranar da aka ɗauke wuta ma ita ta miƙo masa fitila. Ban ce baƙin ciki ba, ban ce hawaye ba, kuma har kin san wace irin mace ce matar.

Haka maganar taurari. Ki ba kowa bakinsa. In aka rufe sunaye ya kamata a gane wannan tsohuwa ce ke magana, wannan direba ne, wannan 'yar jami'a ce. Wasu littattafan kowa da murya ɗaya yake magana, yaro ɗan shekara biyar yana zuba karin magana kamar kakansa. Kuma mutane ba sa faɗin duk abin da ke ransu, wadda ta yi fushi sau da yawa "ba komai" za ta ce ta ci gaba da ninke kaya.

Sai mugu. Don Allah a daina yin mugun da ya tashi da safe kawai ya ce yau wa zan cuta. Ki ba shi dalili, ko da gurgun dalili ne, wanda shi a ransa yake ganin shi ke da gaskiya. Ita ma jarumar a bar mata aibi, wadda ba ta taɓa kuskure ba kullum ita ake zalunta tana haƙuri tana kuka, tausayinta ƙarewa yake yi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934 ya fito, ɗan ƙaramin littafi, amma tambayi duk wanda ya karanta shi a makaranta, kafin ya gama ba ki labarin neman ruwan sai ya ambaci Malam Zurƙe, abokin karawar jarumin labarin Alhaji Imam, don shi ma Alhaji Imam ɗin ba waliyyi ba ne, wannan ya shirya wa wancan tsiya wancan ya rama.

Hajjaju:
Hhhh ku dai ku yi ta nazarinku, ni wlh ku bar ni da masu kuɗina. Na wuni ina fama da aiki, in na ɗauki waya da dare so nake in shiga gidan da ba a maganar bashi, jarumi ya zo da jirginsa ya ɗauke ta su tafi. Na san ƙarya ce, ai don ƙaryar na zo. Abu ɗaya ne ke sa in fita daga labari, a yi ta jan rai kullum faɗa ɗaya, yau ta yi yaji gobe ya ba ta haƙuri jibi ta sake yi, har feji na tamanin ba abin da ya motsa.

Abu Safwan:
Hajiya ai kin shigo layinmu ba ki sani ba. Jirgin ba shi da laifi, rashin motsin ne laifin. Ko wane faɗa ya kamata ya bar su a wani wuri daban da inda ya same su.

'Yar Auta:
Kai na gode ƙwarai, misalin wayar nan ya taɓa ni. To ga wata kuma, ni kullum nake sakin feji ɗaya, masu karatu kuma kowa da abin da yake so, wannan ta ce kada ki kashe wane, waccan ta ce a ƙara tsawo kada ya ƙare yanzu. Ina bin nasu ne ko nawa?

Mai Jan Biro:
Ki saurare su a kan inda suka gaji da inda suka rikice, a nan ba sa ƙarya, in mutum biyar suka ce ba su gane wace ce wance ba to ba ki gabatar da ita da kyau ba ne. Amma abin da zai faru a labarin kada ki sa shi a ƙuri'a. Mai cewa kada ki kashe wane, tsoron mutuwar tasa ne ke dawo da ita kullum, ranar da ta tabbata ba abin da zai same shi ranar za ta fara tsallake feji. Masu cewa a ƙara tsawo kuma, kamar tela ne ya gama riga ta zauna daidai a ce masa don Allah ya ƙara hannu na uku tunda yadi ya rage.

Sakin labari gutsure-gutsure ba intanet ce ta kawo shi ba. Charles Dickens a Ingila tun 1836 yake fitar da nasa kashi-kashi duk wata, mutane na jira. Matsin masu karatu ma tsoho ne, Conan Doyle ya gaji da jami'in bincikensa Sherlock Holmes ya kashe shi a 1893, aka yi masa caa, a 1903 ya dawo da shi da rai. Shi ya samu hanyar da ta shiga hankali tunda dama ba a ga gawa ba, ba kowa ke dacewa haka ba.

Dabarar tsayawa kuwa ki koya wurin Shahrazad ta Dare Dubu da Ɗaya, mai ba sarki labari kullum da dare don kada ya kashe ta, da asuba ta yi sai ta yi shiru a daidai inda sarki ya fi son ji, ranta ne a kai. Amma tsayawar gaskiya, ba irin ta "sai ga wata murya ta daka musu tsawa", gobe a zo a tarar mai gadi ne yake korar akuya. Kika yi wa mutane haka sau biyu sun daina yarda da ke.

Shawarata ki san ƙarshenki kafin ki saki feji na farko, ko da layi uku ne a takarda.

Abu Safwan:
Ƙari a kan na ƙarshen nan, sanin ƙarshe shi ke ba ki damar shuka abubuwa tun da wuri. Anton Chekhov, marubucin Rasha da ya rasu a 1904, yana da shawarar da ta shahara, cewa in ka nuna bindiga rataye a bango a farko to lallai a harba ta daga baya, in ba za a harba ba kada a rataye ta. Ta ɗaya gefen ma haka ne, in za a harba a ƙarshe to a nuna mana ita tun farko. Yarinyar jarrabawar nan, in ƙaninta ne zai tona ta a babi na goma, tun babi na biyu ya kamata mu ga ta hana shi aron wayarta ya ƙullace ta.

Maman Iman:
To ni dai Auta in kin tashi ki bari baban ya yafe mata, kada ki ce za ki kashe shi kafin ta faɗa masa gaskiya, ba zan iya ba.

Hajjaju:
Ga shi nan kuwa, ko rubuta shi ba a yi ba an fara kamun ƙafa. Auta yaushe za ki fara saki?