Neman aikin komarsiyal a banki: me zan shirya?

Ƙanwarku: Assalamu alaikum yayyena. Wani banki ya fitar da sanarwa yana neman komarsiyal, wato mai nemo wa banki kwastomomi, a reshensa na nan Damagaram. Me ake haɗawa a dosiye, kuma me suke tambaya ranar ganawa?

Yaya daga Zango: Wa alaikumus salam ƙanwata. Takardar neman aiki da sunan darakta janar, don yawanci a Yamai ake tace dosiye, ba a reshe ba. Sai CV da bai wuce shafi 2 ba, kwafin diploma da aka buga wa hatimi a mairi, takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, katin ANPE (hukumar samar da aikin yi), da kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum) wanda bai wuce wata 3 ba. Kaziyen nan a kotun yankin da aka haife ki ake cire shi, in Magarya ce ko Gure, ki aika tun yau. In ta imel za ki tura, haɗa komai cikin PDF guda, ki sa lambar sanarwar a kan saƙon.

Hajiya Babba: Ɗiyata, a CV kada ki rena saye da sayarwar da kika taɓa yi. Tsaron shago, wakilcin Airtel Money, istaj a asusun bada rance, duk ki rubuta, da adadin mutanen da kike sallama a yini. Diploma kowa ya kawo irinta.

Malam na Birni: Kafin ganawa akan yi jarrabawar rubutu: Faransanci da lissafi. Ki iya wannan da ka: miliyan 1 a asusun ajiya da ruwan 3,5 cikin 100 yana ba da sefa 35.000 a shekara, 17.500 a wata 6. Ki san bambancin kont kuran (asusun shige da fice na yau da kullum), asusun ajiya da DAT, wanda ake kulle kuɗi zuwa wa'adi. Ki san mene ne BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa, da katin GIM-UEMOA, katin banki da ke aiki a waɗannan ƙasashe. Tun 2014 buɗe asusu da rufe shi kyauta ne bisa umarnin BCEAO, kuma ƴan takara da yawa ba su sani ba.

Hajiya Babba: Inda ake faɗuwa shi ne gwajin sayarwa. Ɗaya daga cikin masu ganawa da ke zai ce: "Ni mai shinkafa ne a Kasuwar Dole, kuɗina suna akwati a shago, shawo kaina." Sai ka ga yaro ya hau jero sunayen asusu kamar mai hadda. A'a. Ki gaishe shi, ki tambayi kasuwa, sannan ki tambaya: Alhaji, daga ina kaya ke zuwa, Kano ko Kwatano? Yaya kake biyan mai kaya? Cinikin yamma ina yake kwana? Daga amsarsa za ki kama abin da ke damunsa, gobara ce, ko yaron da ke ɗaukar kuɗi a mota zuwa iyaka. Asusu ɗaya za ki ba shi, wanda ya warware wannan. In suka ce ki yi da Hausa, ki ƙirga yadda yake ƙirga: jika 3, ba 3.000 ba, dala ɗari, ba 500 ba. Zai kuma ce miki Nita da Amana, kamfanonin aika kuɗi, sun ishe shi. Kada ki kushe su. Ki nuna abin da aika kuɗi ba ya ba shi: tarihin shige da fice da zai tsaya masa ranar da ya nemi rance.

Ƙanwarku: Na gode Hajiya. To in ya ce kuɗin ruwa haram ne fa?

Malam na Birni: Zai ce kuwa. Kada ki yi masa fatawa, kada ki ɓoye. Kont kuran ba ya ba da ruwa, amma akwai kuɗin kula da asusu, ki faɗi adadinsu. In bankin yana da sashen Musulunci ki bayyana murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar masa da ribar da aka yanke tun farko. In ba shi da shi, ki ce babu. Ki bincika wannan kafin ranar, je ki reshen ki karanta takardar farashi da ke manne a bango.

Yaya daga Zango: Akwai tarko guda. Za su ce ƙarshen wata ya zo ba ki cika adadin da aka ɗora miki ba, ga mai son asusu amma ba shi da katin shaida. Amsa ita ce ba a buɗewa sai da takardu, in kamfani ne har da NIF (lambar haraji) da RCCM (rajistar kasuwanci). Da suka ba ki damar tambaya, ki tambayi nawa ne tsayayyen albashi nawa ne firim (ƙarin da ake bayarwa kan albashi), bankin ne ke ɗauka ko kamfanin ƴan kwangila, da wanda ke biyan man babur. Duk wanda ya nemi ki ba shi wani abu don ya shigar da dosiye, ki rabu da shi.

Ƙanwarku: Allah ya saka da alheri. In an ce in zo Yamai fa?

Hajiya Babba: Tafiyar kusan kilomita 900 ce, ki isa da kwana guda a hannu, ainihin takardunki cikin jakar da ke kan cinyarki, ba a but ba.