Kowace Fuska da Kitson da Ke Karɓarta

Ƙanwar Amarya, Rigasa:

Da sunan Allah zan buɗe baki,
Shi ne ya tsara halittar fuskata.

Salati ga Manzo, ɗan Amina,
Sannan in kawo muku buƙatata.

Biki ya matso, an raba anko,
Ranar Asabar za a kai yayata.

Fuskata zagayayya ce, da kumatu,
Ga faɗin goshi, ga guntuwar haɓata.

Akwai wani kitso da na gani a hoto,
Ƙanana siri-siri, yana cikin wayata.

An ja shi baya tun daga goshi,
Ya yi wa mai shi kyau, ya burge ƙawata.

Ita ce ke cewa in yi irinsa,
Ni kuma shakka ta cika zuciyata.

Anti mai kibiya ta Tudun Wada,
Ke da Gwaggo ku amsa tambayata.

Shuku ne, kalaba, ko kuwa zane,
Wanne ne daidai da surata?

Anti Makitsiya, Tudun Wada:

Barka da shiri, ƙanwa tawa,
Allah ya kai mu ranar ɗaurawa,
Kafin ki zauna gaban mai kitsawa,
Ɗauko madubi ki dubi kanki.

Mai hoton nan ai ba ke ce ba,
Goshinku ba iri ɗaya ba ne ba,
Cikar gashinku ba ta zo ɗaya ba,
Nata kan daban yake da naki.

Zagayayyar fuska tsawo take so,
Shi ya sa na zaɓar miki kitso
Mai hawa sama, a tsakiya ya taso,
Shuku ke nan, shi zai karɓe ki.

A ɗauko layi tun daga ƙeya,
Na gefe su biyo, su bi hanya ɗaya,
Su haɗu a tsakar ka, kar su yi baya,
Sai a ga ƙarin tsawo a fuskarki.

In aka ja shi baya ya kwanta,
Ba tudun da ido zai hanga ya huta,
Kumatu kaɗai mai kallo zai fuskanta,
Sai faɗin nan ya rinjaye ki.

Batun goshi kuwa, ga dabara,
A karkata tsaga gefe a fara,
Layi uku su gitto, a ɗaga saura,
Su bi ta saman kunnenki.

Kar ki manta da ɗaurin ɗankwali,
A wurin taro shi ne na fili,
Kitso a ƙasa shi ne tubali,
Tudun shuku zai ɗaga ɗaurinki.

Gwaggo, Unguwar Sarki:

'Yata makitsiya, kin yi bayani,
Sai dai da gyara a zancen goshi.

A zamaninmu ba ma ɓoyewa,
Yabo ake yi wa 'ya mai goshi.

In ta shiga ɗaki arziki ya biyo,
Dangin ango su ce ta zo da shi.

Doka ake mana ranar aure,
A tsakar ka a tayar da tudun gashi.

Ana naɗa tsumma a ɗora a kai,
Gashi a sama, shi kuwa ƙarƙashi.

Shuni da man shanu ake shafawa,
Turaren wuta ya ba da ƙanshi.

Wankin kai ba da shamfu ba ne,
Ganye muke jiƙawa na karkashi.

Yauƙinsa ke warware duk wani ƙulli,
Mataji ya wuce, babu mai nishi.

Shuku daga Yarbawa muka karɓo,
Tudun tsakar ka kuwa mun daɗe da shi.

Yi shukunki 'yata, ni ma na yarda,
Goshin dai ki bar shi, ki fito da shi.

'Yar Malali:

Anti da Gwaggo, ina kwananku,
Na ji daɗin duk baitocinku,
Ni ma ga tawa a gabanku,
Doguwar fuska ce da ni.

In na bi shawarar yin shuku,
A tsakar ka a ɗora tukku,
Ina tsoron tsawo ya ninku,
Wane kitso ya dace da ni?

Ina kuma tambaya a madadin ƙawata, ita faɗin muƙamuƙi gare ta.

Anti Makitsiya, Tudun Wada:

Gwaggo, na rusuna, na karɓi gyara,
Goshi ba abin kunya ba ne ko ɓoyewa.

Tsagar gefe ado ce kawai,
Goshin na nan a fili yana haskawa.

'Yar Malali, taki faɗi take nema,
Tudun tsakar ka ba naki ba ne, ƙanwa.

Kalaba za ki yi, a sake su gefe da gefe,
Iyakarsu kafaɗa, nan ne wurin tsayawa.

Ko kitson Fulani mai jela gaban kunne,
Biyu-biyu kan kunci suna saukowa.

Ɗaurinki ma kar ya hau sama sosai,
Ki sauko da shi goshi, ya zam da bajewa.

Ƙawarki kuwa mai faɗin muƙamuƙi,
Layi mai lanƙwasa ne ke tausasawa.

Jelar ta wuce muƙamuƙin ta sauka,
In ta tsaya daidai nan, shi take nunawa.

Mai siririyar haɓa, a tara mata a ƙeya,
Ƙasa-ƙasa, gefen wuya ya sami cikowa.

Wadda tata fuskar ke tsaka-tsaki,
Ko wanne ta zaɓa yana karɓawa.

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa:

Ina gaida iyaye, ina gaida Anti,
Ga nawa baiti daga ɗakin jinya.

Kun auna fuska, tsawo da faɗi,
Ku auna ƙarfin gashin yarinya.

Na hoton nan, ƙanana siri-siri,
Shi ke cin gashin gaba da na ƙeya.

Kowane layi gashi kaɗan ne,
An ja shi tamau har cikin jijiya.

Alamar farko ciwon kai ne,
Gira ta ɗage, ba halin dariya.

Sai ƙuraje su fito a gindin layi,
Fata ce ke kuka, ba ƙarya.

Ana cewa wai kitso sai da zafi,
Wannan magana ba ta kan hanya.

In an sassauta tun da wuri,
Gashi kan dawo, ya tsiro lafiya.

In shekaru suka bi ana ta ja,
Saiwa ta mutu, goshi ya ja baya.

Daga nan ba man da zai tsirar da shi,
Ko an zaga Kasuwar Gumi gaba ɗaya.

Wadda ta shafa man miƙar da gashi,
Ta ba shi hutu kafin ta je ga kibiya.

Nauyin atachi ma ja ne babba,
Yana rinjayar saiwa a tafiya.

Kar kitso ya wuce mako 6 zuwa 8,
A tsefe, a wanke, tsaga ta sauya.

In hunturu ya sauko Kaduna,
Gashi na karyewa, a sa man kaɗanya.

Kowa ta je kitso da matajinta,
Makero na yaɗuwa, ba batun kunya.

Malamar Islamiyya, Badarawa:

Tunda an taɓo zancen atachi,
Bari in tunatar da hukuncin addini.

Bukhari da Muslim duk sun ruwaito,
Ƙarin gashi an yi masa hani.

Mai sakawa da wadda aka saka wa,
Duk an la'ance su, a yi tunani.

Batun wanka kuwa, Ummu Salama
Ta tambayi Manzo, ya yi bayani.

Ba sai an tsefe don janaba ba,
Kamfata uku a kai, sauƙin Rahmani.

In ya yi tsaurin da ruwa ba ya ratsawa,
A warware shi, in ji malamai masu sani.

Ƙanwar Amarya, Rigasa:

Na gode iyaye, na gode yayye,
Kun warware mini duk damuwata.

Shuku zan yi, matsakaitan layi,
Da gashin kaina, iya baiwata.

Tsaga a gefe, goshi a fili,
Na haɗa ta Anti da ta Gwaggota.

Anti, Laraba zan zo da hantsi,
Da matajina, har da kibiyata.

Maman 'Yan Biyu, Kakuri:

Kafin ku watse ku saurare ni,
Kitson makaranta ke damu na ni,
Kowane mako da irin da za a gani,
Wannan makon shuku aka ce.

Hussaina gashinta ya kai ya tara,
Na Hassana gajere ne, bai ƙara,
In an kama shi sai ta yi ta ƙara,
Anti, wace hanya ce ta dace?

Anti Makitsiya, Tudun Wada:

Maman 'Yan Biyu, sannu da hidima,
Ba a auna siffar fuska ga yara.

Fatar kansu ba ta yi ƙwari ba,
Manyan layi ake musu, a sarara.

Gashin goshi da bai kai kamu ba,
A bar shi a kwance, a kitse saura.

A jiƙa shi da ruwa, a shafa mai,
Daga baki ake taza, can ake fara.

In ta ce da zafi, ki yarda da ita,
A tsefe layin nan take a gyara.

Ki sami malamar aji gobe da safe,
Cikin ladabi ki kai mata shawara.

Ki ce na Hassana bai kai shuku ba,
A bar ta da zane har tsawo ya ƙara.