Aiki ya ƙare a Ingila, zan koma Kano: wa zan biya haraji?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamfanin da nake wa aiki a Manchester ya rage ma'aikata a ƙarshen Satumba, ni ma abin ya rutsa da ni. Bizata a kan aikin take, an ba ni kwana 60 in samu wani ko in tattara. Na yanke shawarar komawa Kano da iyalina a Nuwamba. Abin da ke hana ni barci shi ne haraji, a kan kuɗin sallamata da abin da zan riƙa samu idan na fara aiki ta intanet daga gida. Ingila ce za ta bi ni, ko Najeriya, ko duka biyun?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Allah Ya musanya maka da mafi alheri, ɗan uwa. Shekarar haraji a nan tana farawa 6 ga Afrilu. Kafin Nuwamba ka riga ka haura kwana 183, don haka a wurin HMRC, hukumar harajin Birtaniya, mazaunin Ingila ne kai a bana. Amma akwai tsarin raba shekara gida biyu ga wanda ya tashi gaba ɗaya, sai abin da ka samu a waje bayan tafiyarka ya fita daga lissafinsu. Ka karɓi P45 (takardar barin aiki mai nuna albashinka da harajin da aka cire) a wurin aiki, ka cike P85 (fom ɗin sanar da HMRC cewa ka bar ƙasar). Da alama ma za su dawo maka da kuɗi, tunda albashinka ya tsaya a tsakiyar shekara.

Amsa ta biyu: Yaya, fam 30,000 na farko a kuɗin sallama babu haraji. Amma kuɗin wa'adin sallama da na hutun da ba ka ci ba, kamar albashi ake yankansu. Ka duba takardarka sosai.

Amsa ta uku: Malam, kar ka manta da gida. Da ka zauna a Kano, hukumar tara haraji ta jiha ce ke da kai, ko da daga waje ake turo maka kuɗin. Akwai yarjejeniyar 1987 tsakanin ƙasashen biyu da ta hana cire haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya.

Mai tambaya: Na gode. Hayar gidana sai Maris za ta ƙare, hakan zai kawo matsala?

Amsa ta farko: Zai iya, don za a ce har yanzu kana da gida a nan. Ka sasanta da mai gidan, ka miƙa makulli kafin ka tashi, ka adana takardar shaida da tikitin jirgi. Idan ka leƙo Ingila kafin shekarar haraji ta ƙare 5 ga Afrilu, kar kwanakinka su kai 16.