Leyoyin PSD sun ƙi rabuwa a Premiere, ga dina ranar Asabar, don Allah a agaza

Autan Inna: Salamu alaikum manya. Don Allah masu hannu a editin ku taimaka, kaina ya kulle. 'Yar maigidana za a aurar, mutumin da ya ɗauke ni tun ina riƙe masa fitila a wajen biki har na iya kyamara. Kwamfutar da nake aiki da ita ma shi ya saya mini, ina biya a hankali, saura dubu 85. Kun ga ba aikin kuɗi ba ne, na mutunci ne. Hajiya uwar amarya ta ga wani bidiyo a bikin 'yar ƙawarta, sunan amarya ya shigo ta dama, na ango ta hagu, furanni na juyawa a babban allo. Ta ce irinsa take so a wajen dina. Ni kuma bakina ya riga tunanina, na ce ai ƙaramin abu ne Hajiya.

Ƙanin maigidan ne ya zana banar bikin a Photoshop, ya ba ni PSD a filas, wato fayil ɗin Photoshop da kowane ɓangaren zane ke kan leyarsa daban. Mutum ne mai zafi, tun wata rigima da muka yi a kan batir ba ma doguwar magana. Na jawo fayil ɗin cikin Premiere Pro, manhajar da nake haɗa bidiyo da ita, ya ƙi shiga. Na yi 'yan dabaru ya shiga, amma hoto ɗaya ne dunƙule, in na motsa suna sai komai ya bi shi. Yau Laraba. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka ɗauki lauje za ka sare itace. Wannan aikin After Effects ne, manhajar motsa rubutu da hoto. Ka shigo da fayil ɗin, a wajen Import As ka zaɓi Composition - Retain Layer Sizes. Kowace leya za ta zo da girmanta, cibiyar juyawarta na tsakiyarta, fure zai juya a kan kansa. In inuwa da ƙyallin rubutu kake tsoro, ka zaɓi Editable Layer Styles. Shekarata 14 a Zoo Road, ban taɓa motsa rubutu a Premiere ba, kuma ba zan fara ba.

Autan Inna: Oga, ram ɗina 8 ne. After Effects in na buɗe ta fanka ke ihu kamar injin markaɗe. Kuma ban iya ta ba, ba a kwana uku zan koya ba.

Ummu Hanan: Premiere tana raba leya sarai. In PSD mai leyoyi ne, akwati kan fito da zaɓi huɗu: Merge All Layers, Merged Layers, Individual Layers da Sequence. Biyun farko haɗewa suke yi. Sequence za ka ɗauka, ta jera maka kowace leya a layinta, kowacce a inda mai zane ya ajiye ta. Amma tsaya tukuna. Akwatin ya fito maka? Kuma waɗanne dabaru ne ka yi har ya shiga? Nan ne ba ka faɗa mana ba.

Mai Lens: Ni wallahi masu zanen nan su ne ciwon kaina. Bara wani ya kawo mini fayil, leya 70 da 'yan kai, babu ɗaya mai suna. Layer 12 copy 3, Layer 12 copy 4, haka har ƙasa. Sai da na riƙa kashe idon kowacce ina kunnawa kafin na gano wacce ce hular ango. Na gama, uban ango ya ce a ƙara masa Alhaji Dakta a gaban suna. Kuɗina ma har yau saura dubu 20.

Baban Khalifa: Hajiya Ummu, da girmamawa, Sequence ɗin nan zai kai shi ya baro. In leyoyin sun zo da girman dukan takarda, cibiyarsu na tsakiyar allo. Ya ce fure ya juya, sai furen ya riƙa zagaye allon kamar mai neman wajen zama. Na ga yara da yawa sun sha wannan wahalar.

Ummu Hanan: Sai ya gyara Anchor Point, wato cibiyar juyawa, a Effect Controls, furanni nawa ne? Autan Inna, ina jiran amsa.

Autan Inna: Anti, babu akwatin da ya fito. Dabarar kuwa, wani abokina ya ce matsalar kala ce, wai na masu buga takarda ne. Na buɗe a Photoshop, na je Image, Mode, na mayar da shi RGB, tsarin kalar allo. Ya tambaye ni wani abu da Turanci na danna na farko, na yi sebin. Kuma ai ya yi aiki, tunda ya shiga.

Ummu Hanan: Innalillahi. Abokinka ya yi gaskiya rabi: bana da tsarin kala na CMYK ake zana ta saboda injin bugawa, bidiyo kuma RGB yake so. Amma tambayar da ya yi maka ita ce ko ya haɗe leyoyi kafin ya canza. Don't Merge ake dannawa. Buɗe fayil ɗin yanzu ka danna F7, ka ƙirga leyoyin da ke ciki. Ka duba nauyinsa ma, in ya ragu sosai to ka san sauran.

Ɗan Damagaram: Ku bar wahalar nan duka ku koma DaVinci Resolve, akwai ta kyauta. A sashenta na Fusion akwai Import PSD, tana warware leyoyi. Mu nan da ita muke aikin baiko da suna. Matsalarmu ɗaya, mutane su kawo hoton da aka tura ta WhatsApp sau biyar su ce a sa a allo mai faɗin bango.

Baban Khalifa: Yaron da ram 8 ke kuka a hannunsa za ka tura Fusion? Haba malam.

Autan Inna: Na duba. Leya ɗaya ce. Da fayil ɗin ya haura giga ɗaya, yanzu bai kai rabin haka ba. Amma gaskiya ba laifina ba ne kaɗai. Ya san bidiyo zan yi da shi, me ya sa ya ba ni na buga bana? Kuma ni a kan filas ɗin na buɗe saboda faifaina ya cika da bidiyon kamu na wani bikin.

Mai Lens: Wato a kan na asalin ka yi sebin? Ba kwafi?

Autan Inna: Eh. Amma akwai Ctrl+Z ai, ko?

Ummu Hanan: In ka rufe fayil ɗin, History, wato jerin matakan da Ctrl+Z ke komawa, ya tafi, ba ya dawowa. Magana ɗaya ce: mai zanen yana da na asali a kwamfutarsa. Ka kira shi. Ka roƙe shi ya yi kwafi, ya mayar RGB ba tare da haɗewa ba, ya rage shi zuwa 1920 da 1080, ko abin da masu allon suka ce. Bana mai ƙafa 6 a kan 300 dpi faɗinta fiksil 21,600 ne, kwamfutarka ba za ta ɗauka ba ko da leyoyin na nan. Ya haɗe abin da ba zai motsa ba, ya bar maka shida ko bakwai masu suna: bango, amarya, ango, fure, kwanan wata. Mafi sauƙi ma ya je File, Export, Layers to Files, ya zaɓi PNG-24 da Transparency, ya cire alamar Trim Layers. Kowane hoto zai zauna a gurbinsa, ko CapCut za ta karɓa.

Baban Khalifa: PNG aikin masu koyo ne. Ranar Juma'a da dare Hajiya za ta ce an rubuta sunan ango ba daidai ba, ku rubuta ku ajiye. Da PSD a After Effects, ya gyara a Photoshop ya yi sebin, gyaran ya bayyana da kansa. Da PNG sai ya sake fitarwa ya sake dorawa. Ka zo shagona gobe bayan azahar da fayil mai kyau, minti 20 ne.

Autan Inna: Na gode Oga, na gode Anti. Amma ba ku san mutumin nan ba. In na kira shi, kafin magariba maigida ya ji cewa na lalata aikin bikin 'yarsa. Ina tunanin in yanko sunayen da Pen Tool daga hoton da ke hannuna, in cike ramin da Content-Aware Fill. Na ga ana yi.

Ummu Hanan: Rubutun zinare mai inuwa a kan furanni? A waya zai wuce. A babban allo kowa zai ga tabon, har Hajiya.

Mai Lens: Ko ka sake rubuta sunayen da kanka, in ka san sunan font ɗin. Ni dai tun abin da ya same ni nake karɓar rabin kuɗi kafin in taɓa linzami.

Baban Khalifa: Bayan azahar. Kada ka wuce la'asar, ina da ɗauka a Tarauni.

Autan Inna: An ɗauke wuta, batir saura 11. Na fara yankan sunan amarya, harafin farko ya fita ba laifi. Wai in na tura hoton rubutun akwai wanda zai gane font ɗin? Mai lanƙwasa ne, wutsiyar harafin ƙarshe ta shiga cikin fure.

Sabon Shiga: Salam. Ni ma nawa CorelDRAW aka yi shi, ya ake shigar da shi Premiere?